Maganin sankarar da muke sayowa, daga kwanon gwaji ya fito

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan sharhin da kuka buga kwanan baya game da ciwon daji a Nijar. Malamin da ya yi sharhin ya faɗi gaskiya a wurare da dama: mata na zuwa asibiti a makare, magani na da tsada, ƙauye kuma ya yi wa Yamai nisa. Inda na rabu da shi shi ne inda ya nuna cewa binciken ƙwayoyin sankara da ake kiwo a kwanon gwaji aikin ƙasashen da suka ƙoshi ne, mu namu mu sayo magani kawai. Ni ma'aikaciyar labo ce, a sashen da ake yanka tsokar da aka ciro daga jikin maras lafiya a duba ta a madubin ƙara girma. Mutuniyar Tawa ce ni, aiki ya zaunar da ni Yamai. Na taɓa zuwa ƙaro sani a wani ɗakin bincike a Faransa inda ba su da aikin da ya wuce kiwon waɗannan ƙwayoyi. Maganin da malam ke cewa a sayo, daga cikin wannan kwano ya fito, kuma wanda bai san yadda ya fito ba zai iya sayar da shanunsa ya sayo shi ya ba wadda ba zai yi wa amfanin komai ba.

Ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu don ta ga dama, sai an aiko mata da saƙo. Saƙon wani ɗan ƙaramin furotin ne da maƙwabtanta ke saki, sinadarin girma. A fatar ƙwayar kuma akwai wani furotin da ke tsaye yana jiran sa, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Shi ne makarɓi. In sinadarin ya zo ya maƙale masa a kai, sai makarɓa biyu su haɗu, wutsiyoyinsu su kunna juna, daga nan umarni ya bi hannu-hannu har cibiyar ƙwayar: ki girma, ki rabu. Da haka rauni ke warkewa, da haka fata ke sabuntawa.

Wani Ba'amurke mai suna Stanley Cohen ne ya fara ware ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai a 1962. Ya tatso shi daga halittar da ke samar da miyau a ƙarƙashin muƙamuƙin ɓera, ya yi wa ƴaƴan ɓera sabbin haihuwa allurarsa, sai ga idanunsu sun buɗe da wuri, haƙoransu sun fito tun lokacinsu bai yi ba. Shi ne ake kira EGF, makarɓinsa kuma EGFR. A 1986 aka ba shi kyautar Nobel tare da Rita Levi-Montalcini ta Italiya. A 1984 kuwa masu bincike a Landan suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai sa wa kaji sankarar jini tana ɗauke da guntun wannan makarɓi, wanda aka sare masa kai, yana ta ba da umarni ba tare da wani saƙo ya zo ba. Tun daga nan aka san akwai dangantaka tsakanin makarɓi da ciwon daji.

To amma in saƙo ya kunna makarɓi, me ke kashe shi? A nan ne abin da nake son bayyanawa yake. A 1976 Cohen da abokin aikinsa Graham Carpenter suka sa wa EGF alama, suka zuba wa ƙwayoyin fatar mutum da ke kwano, suka ga ƙwayar haɗiye shi take yi ta narkar da shi, bayan haka kuma makarɓan da suka rage a fatarta sun ragu ƙwarai. Ma'ana ƙwayar na janye makarɓin da ya riga ya isar da saƙo, don kada ya yi ta maimaitawa. Sun kuma lura cewa in aka zuba kulorokin, nibakin ɗin nan da muka sha muna yara saboda masassara, narkewar sai ta tsaya, domin yana rage tsamin jakar da ake narkarwa a ciki. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya ce nibakin maganin daji ne. Kayan aiki ne kawai da aka toshe hanya da shi don a gane inda ta bi.

Na ga wannan tafiya da idona, kuma har yanzu ban ga abin da ya burge ni a aiki kamarta ba. Ƙwayoyin na zaune ne shimfiɗe a gindin kwanon roba, cikin wani ruwan abinci ja-ja wanda ake haɗawa da ruwan jinin ɗan tayin saniya. In sun cinye abincin, ruwan sai ya koma rawaya, a san lokacin canji ya yi. Akwatin da ake ajiye su na riƙe da zafin jikin mutum, digiri 37, da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Ranar gwaji, tun jiya da yamma ake janye musu ruwan jinin, su kwana babu wani saƙon girma, makarɓa duka su fito su jeru a fata. Da safe a ɗora kwanon kan ƙanƙara, a zuba EGF da aka liƙa wa rini mai haskakawa kore. A digiri 4 sinadarin na kama makarɓi amma ƙwayar ba ta iya haɗiyewa. In ka leƙa madubi a ɗaki mai duhu a wannan lokaci, siririn zare kore za ka gani ya kewaye kowace ƙwaya, cikinta baƙi ƙirin. Sai a mayar da kwanon ɗumi. Kafin minti biyar zaren ya tsittsinke ya koma ɗige-ɗige a ƙarƙashin fata. Bayan rubu'in awa ɗigon sun yi girma sun nausa ciki. Zuwa awa guda sun taru wuri ɗaya kusa da cibiya, daga nan haske ya fara dusashewa. Matar da ke koya mini takan nuna wurin da suka tarun da bakin alƙalami a kan allon kwamfuta, ta ce can ne ake narkar da su.

Abin da ke faruwa a ɓoye kuwa ga shi. Wani furotin mai suna kilatirin, wanda Barbara Pearse ta Ingila ta ware a tsakiyar shekarun 1970, yana saƙa raga a bayan fatar ƙwaya daga ciki, fatar ta loma, ta tsinke ta zama ƴar jaka da makarɓi a cikinta. Jakar ta kai shi wani zango da ake kira endozom. Duk wanda ya saba hanyar gida daga Yamai ya san Tsarnawa, bayan an wuce Ƙwanni: mota ko dai ta karya arewa zuwa Tawa ko ta miƙe gabas zuwa Maraɗi. Endozom ita ce Tsarnawar ƙwaya. Hanya ɗaya na mayar da makarɓi fata ya koma aiki, ɗayar na kai shi lizozom, jakar narkewa da Christian de Duve na Beljiyam ya gano a 1955. Abin da ke raba hanyar wata ƴar alama ce, ubikitin, wadda wani furotin mai suna Cbl ke liƙa wa wutsiyar makarɓi. Mai alama ana cusa shi cikin ƴan ƙananan jakunkuna a cikin endozom ɗin kanta, kuma sai a lokacin ne wutsiyarsa ke rabuwa da cikin ƙwaya ya yi shiru. Kafin nan, ko da an haɗiye shi, yana ci gaba da ba da umarni daga cikin jakar.

Akwai wani abu a nan da nake ganin hikimar Ubangiji a cikinsa. Makarɓi ɗaya ne, amma sinadarai da yawa ke kama shi. Cikin endozom akwai ɗan tsami. EGF na jure wannan tsami ya ci gaba da riƙe makarɓi, don haka a tafi da su a narkar. Wani ɗan'uwansa mai suna TGF-alfa kuwa da ya ji tsamin sai ya saki, alamar ta goge, makarɓi ya koma fata a shirye ya sake karɓar saƙo. Sankara da dama na samar wa kansu TGF-alfa, suna aika wa kansu saƙon da ba ya cinye makarɓi.

Ta nan ne ake gane cewa ciwon daji ba kullum yawan saƙo ne ke kawo shi ba. Sau da yawa hanyar kashewa ce ta lalace. A cikin masu sankarar huhu akwai kusan kashi 3 cikin 100 da wani makarɓinsu mai suna MET ya rasa ɗan gurbin da Cbl ke kamawa. Ba a sa masa alama, ba a narkar da shi, sai ya yi ta taruwa. A 2020 aka amince a Amurka da maganin da aka yi domin waɗannan mutane takamaimai. A wasu nau'o'in sankarar jini kuma Cbl ɗin ne da kansa ya samu tawaya.

Wanda ya fi shafar mu shi ne HER2, ɗan gidan su EGFR, domin sankarar nono ita ce ta fi kama mata a ƙasar nan. HER2 ba ya jiran sinadari, kuma yana da taurin haɗiya: yakan daɗe a fata, in ma ya shiga ciki yawanci dawowa yake yi. In ya haɗu da EGFR sai ya janye shi daga hanyar narkewa su dawo tare. Lafiyayyar ƙwayar nono na da HER2 ƴan dubbai goma-goma. A wasu sankara kuwa ƙwayar gadon da ke yin sa ta ninku, har ƙwaya ɗaya ta ɗauki miliyan ɗaya zuwa biyu. Dennis Slamon da abokan aikinsa a Amurka suka nuna a 1987 cewa irin wannan sankara ta fi saurin dawowa da saurin kisa. A kan ƙwayoyin kwano irin su SK-BR-3, waɗanda aka samo daga wata maras lafiya a 1970, aka gwada garkuwar da ke kama HER2, wato furotin irin wanda jiki ke yaƙar cuta da shi, daga nan maganin trastuzumab ya fito a 1998. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da suka zama dole a 2015, a ƙarshen 2019 kuma ta tantance makamancinsa na farko mai sauƙin kuɗi. Daga baya masu bincike suka yi wata dabara da sanin hanyar nan kaɗai ya sa ta yiwu: suka ɗaura wa trastuzumab dafi, suka bar ƙwayar sankara ta haɗiye shi da kanta ta kai lizozom, can ne dafin ke kwancewa ya kashe ta daga ciki. Wannan magani, T-DM1, ya fito a 2013. In ƙwayar ta rage haɗiya ko lizozom ɗinta ya yi rauni, maganin sai ya rage aiki, kuma a kwano ake fara ganin haka kafin a gane dalilin da ya sa wata maras lafiya ta daina jin magani.

Ga inda maganar ta iso teburina. Cikin mata biyar masu sankarar nono, kusan ɗaya ce kawai ke da HER2 mai yawa. Sauran huɗun, trastuzumab ba zai yi musu komai ba, ga tsada, ga shi yana iya raunana zuciya har sai ana duba ta a kai a kai, ga shi kuma shekara guda ake yi ana ƙara shi duk mako uku. Hanyar sanin wace ce ɗayar ita ce a yanka tsokar siriri, a zuba mata garkuwa mai rini, a duba. In HER2 ya yi yawa, kowace ƙwaya za ta fito da zobe ruwan ƙasa mai kauri, cikakke, a gefenta. A gefe yake fitowa saboda taurin haɗiyar nan da na faɗa. Likita ya ba da maki daga 0 zuwa 3+. Mai 3+ ta cancanci maganin, mai 2+ sai an ƙara wani gwaji a kan ƙwayar gadon.

Amma zoben ba ya fitowa sai an kula da tsokar tun daga ɗakin tiyata. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a sa ta cikin ruwan da ke hana nama ruɓewa, wato formol kashi 10 cikin 100, kafin awa guda da cirewa, ta zauna ciki daga awa 6 zuwa awa 72, ruwan kuma ya ninka tsokar wajen sau goma. Formol a hankali yake ratsa nama, kusan milimita 1 a awa, shi ya sa babban ƙari sai an tsattsaga shi, in ba haka ba bayansa ya kamu cikinsa ya lalace. Wata rana wani dattijo daga wani ƙauyen Adar ya miƙo mini kwalba a naɗe cikin baƙar leda. Tsokar matarsa ce. An yi aikin tun kafin girbi, aka ba shi kwalbar a hannu aka ce ya kai Yamai, shi kuma ya ajiye ta a rumbu har ya sayar da wake ya samu kuɗin mota. Ƙarin ya cika kwalbar, ruwan bai ko rufe shi ba. Ya ga fuskata ta canza, ya ce, "Madam, lafiya? Ai na kula da shi, ko rana ban bari ta taɓa shi ba." Na ce, "Baba, ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya saka maka. Za mu duba mu ga abin da za a iya gani." Likita ya iya tabbatar da cewa sankara ce. Maganar HER2 kuwa, ko an yi gwajin ba a isa a dogara da shi ba, domin tsokar da ta yi haka tana iya nuna babu alhali akwai. Babu wanda ya zaunar da wannan bawan Allah ya gaya masa cewa kwanaki uku gare shi. Wanda ya ba shi kwalbar ma, ina kyautata zaton ba a taɓa nuna masa dalilin wannan ƙa'ida ba. Mutumin da ya taɓa ganin makarɓi a madubi, ya san furotin ne mai saurin lalacewa, ba zai cusa ƙari a ƙaramar kwalba ya sallami mai shi zuwa tafiyar da ta haura kilomita 500 ba tare da ya yi masa bayani ba.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da aka gani a kwano haka yake a jiki. Ƙwayoyin A431, waɗanda aka ware EGFR daga cikinsu, suna da makarɓa wajen miliyan biyu kowace ɗaya, har sun fi ƙarfin kilatirin ɗin da ke akwai, don haka haɗiyarsu na da nawa in aka gwama da ta HeLa, wasu ƙwayoyin kwano da ake yawan bincike da su. Mai bincike na gari yakan gwada iri biyu ko uku kafin ya buɗe baki. Ƙwayar kwano ba ta da jini, ba ta da hanta da za ta sarrafa magani, ba ta da garkuwar jiki. Wannan sani kansa kariya ne gare mu. A rediyo da WhatsApp muna jin masu tallar magani suna cewa an gwada garinsu a labo ya kashe ƙwayoyin daji. Gishiri in ya yi yawa yana kashe su, ruwan zafi ma haka. Abin tambaya shi ne ko ya bar lafiyayyun ƙwayoyi, ko yana isa ƙarin in an sha, da kuma ko an gwada shi a kan mutane bisa ƙa'ida. Ina girmama itatuwanmu, magungunan daji da dama daga tsirrai aka samo su. Amma in muna son mu san gaskiyar wani sassaƙe ko saiwa, matakin farko shi ne wannan kwano da malam ya raina.

Ƙasar nan ta nuna tana iya abin da ya fi wannan wuya. A 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta samu sashen jiyya da haske mai ƙona ƙari, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai ta daɗe tana aikin labo mai inganci a kan sanƙarau da masassara. Ɗakin kiwon ƙwayoyi ba ya buƙatar kai wannan: teburin aiki mai tace iska, akwatin ɗumi, madubi mai nuna rini, firigo, da tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, irin wanda masu barbarar shanu ta zamani ke ajiye maniyyin bajimi a ciki. Babbar matsalar ita ce lantarki, domin in wuta ta ɗauke a bazara aikin watanni na iya mutuwa cikin yini ɗaya. Rana kuwa muna da ita, a haɗa faifan sola da batura a keɓe wa ɗakin. Ɗaliban likitanci da na kimiyyar halittu na Jami'ar Abdou Moumouni sun cancanci su ga ɗigon nan kore suna tafiya, kada ya tsaya musu a zanen littafi. Su ne gobe za a tura Tawa da Illela da Keita su yi tiyata su cika kwalba.

Ina roƙon jaridarku, Malam Edita, ta buga ƙa'idar formol ɗin nan da manyan baƙaƙe, ta kuma tambayi hukumomin lafiya ko za a iya tsara yadda asibitocin jihohi za su riƙa aiko da tsoka da kansu a kan lokaci, a sauke wa dangin maras lafiya wannan nauyi.

Akwai kuma dalili na gaba. Mafi yawan ƙwayoyin sankara da duniya ke bincike a kansu daga jikin Turawan Turai da Amurka aka samo su, alhali matan da ke zuwa mana da sankarar nono sun fi nasu ƙuruciya, da yawa suna goyo. Wata rana dole mu yi kiwon ƙwayoyi daga jikin namu matan mu ga yadda makarɓansu ke tafiya. In ranar ta zo, mu tuna da Henrietta Lacks, baƙar fatar Amurka wadda aka ɗebi ƙwayoyin sankarar bakin mahaifarta a Baltimo a 1951 ba da saninta ba. Ta rasu a wannan shekara tana da shekara 31, ƙwayoyinta na HeLa kuma suka bazu duniya, iyalanta ba su sani ba sai bayan fiye da shekara ashirin. Mu a nan, kafin a taɓa tsokar kowace mace don bincike, a karanta mata takardar yarda a harshenta, Hausa ne ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Buzanci ko Barbarci, a gaban wanda ta amince da shi, a kuma gaya mata cewa in ta ƙi ba za a rage mata komai a jiyyarta ba.

Wassalam. Na gode da filin da kuka ba ni.

Taku,
Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje,
Yamai, Nijar